Kafin Ka Sa Hannu: Jagora Ga Mawaƙin Da Ke Neman Kamfani Ya Ɗauke Shi

Duk wanda ya ɗan jima yana kai-komo tsakanin situdiyo da mawaƙa ya saba da irin saƙon nan da ke shigowa waya: "Oga, ga sabuwar waƙata, don Allah a taimaka a haɗa ni da kamfani." Sai ka buɗe ka tarar kiɗan na wani ne aka sauko da shi daga YouTube, har da muryar mai shi yana kiran sunansa a farko. Sunan da ke jikin waƙar daban, wanda ke shafin yaron na TikTok daban. Ka tambaye shi wa ya buga masa kiɗa, me suka yi da shi, ya ce ai mutumina ne. Sau da yawa muryar tana da daɗi, baitin ma ba laifi, amma babu kamfanin da zai iya taɓa wannan waƙa ko da yana so. Yaran ne ke sauyawa, kurakuran kuwa suna nan yadda suke, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na saba faɗa da baki. Ina cewa "kai" ne don sauƙin magana, amma 'yan'uwa mata mawaƙa, har da ku nake.

Sai mun fara gyara fahimta. Da yawa daga cikinmu, idan aka ce kamfanin waƙa, ubangida muke hangowa, irin yadda Narambaɗa ya zauna a ƙarƙashin Sarkin Gobir na Isa: a ba ka doki, a ba ka riga, a ɗauke maka abincin gida, ba mai zuwa da littafi ya ce a yi lissafi. Kamfani ɗan kasuwa ne. Jari yake zubawa a kanka don ya dawo masa da riba, kuma duk kwabon da ya kashe yana rubuce. Haka abin yake ga manyan kamfanoni uku da ke riƙe da kasuwar duniya, wato Universal da Sony da Warner. Haka yake ga na Legas irin su Mavin na Don Jazzy da YBNL na Olamide, waɗanda aka kafa a 2012, da Chocolate City da ya fito da M.I da Ice Prince daga Jos. Haka kuma yake ga babban mawaƙin da ya buɗe situdiyo a titin Gidan Zoo a Kano ya tara yara, ko alhajin da ya ce zai ɗauki nauyinka. Tunda ɗan kasuwa ne, ba ya neman wanda zai tausaya wa. Yana neman kayan da ya ga mutane sun riga sun fara taya shi. Dukkan abin da zai biyo baya a kan wannan aka gina shi.

Abubuwan da za ka tanada

Waƙoƙi uku zuwa biyar da aka gama gaba ɗaya, an yi musu miksin da mastarin, kana riƙe da su a tsarin WAV, ba wanda aka tura ta WhatsApp ya matse su ba.

Takardar yarjejeniya tsakaninka da wanda ya buga kiɗa, da duk wanda ya sa baki ko hannu a waƙar.

Suna guda ɗaya na waƙa, da shafuka masu wannan sunan a YouTube, TikTok, Instagram, Facebook da Audiomack.

Adireshin imel da asusun banki da suke naka kai kaɗai, da katin shaidar ɗan ƙasa.

Hotuna masu kyau ko da uku ne, da taƙaitaccen tarihinka da Hausa da Turanci, wanda bai wuce rabin shafi ba.

Waya mai ɗaukar bidiyo sosai.

Lambar lauyan da ya san harkar haƙƙin mallaka.

Sai kuma wata sana'a da za ta riƙe ka. Wannan na ƙarshe ba wasa nake ba. Mawaƙin da ba shi da na abinci shi ne ke sa hannu a kowace takarda aka miƙo masa.

Mataki na 1: Gama waƙar tukuna

Mai sauraro ba ya jira. A Spotify ba a ma ƙirga cewa an saurari waƙa sai ta kai daƙiƙa 30 tana tafiya, a TikTok kuwa ɗan yatsa ya riga ya wuce tun kafin nan. Saboda haka doguwar shimfiɗar kiɗa da jerin gaisuwa ga mai situdiyo da abokai a farkon waƙa asara ce. Ka shigo da amshi ko wani baiti mai kama kunne da wuri, gaisuwar ta jira ƙarshe in ma dole ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne kwaikwayo. Idan wani ya yi tashe, sai ka ji situdiyo goma sun cika da masu lanƙwasa murya irin tasa. Mai neman mawaƙi ba ya buƙatar Hamisu Breaker na biyu ko Ado Gwanja na biyu, na farkon yana nan da ransa. Kuskure na biyu shi ne dogaro da na'urar gyaran murya har mutum ya manta da bita. Ranar da kamfani ya kira ka, abu na farko da za a ce shi ne ka rera a nan, ba kiɗa ba kwamfuta. Idan muryar da ke faifai ba ita ce ke maƙogwaronka ba, zancen ya ƙare a wurin.

Kafin ka yanke cewa waƙa ta yi, kai ta inda ba a san ka ba. Abokanka za su ce ta yi wuta ko da ba ta yi ba. Ba wa mai DJ a gidan biki ya saka ta tsakanin waƙoƙin da ake yayi, kai kuma ka tsaya gefe ka ga ko fili ya cika ko ya watse.

Mataki na 2: Tabbatar waƙar taka ce a takarda

A nan ne aka fi yin sakaci, kuma a nan ne ciniki ya fi lalacewa. Kowace waƙa haƙƙi biyu ne a jikinta. Akwai haƙƙin ƙirƙira, wato baiti da kari da kiɗa. Akwai kuma haƙƙin uwar faifai, abin da ake kira masta, wato ainihin sautin da aka naɗa a situdiyo. Mutum zai iya mallakar ɗaya bai mallaki ɗayan ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ba haƙƙin ƙirƙira kariya har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, ta ba faifan da aka naɗa shekara 50. Wato abin da kake wasa da shi gado ne na 'ya'yanka.

Ba sai ka yi rajista ba kafin haƙƙin ya zama naka, da zarar an naɗi waƙar ya tabbata. Amma shigar da ita a kundin Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya yana ba ka hujja ranar da aka yi jayayya. Mawaƙan Nijar suna da hukumar BNDA a Yamai.

Abin da za ka yi tun kafin ku tashi daga situdiyo shi ne ku rubuta takardar rabo: sunan waƙa, ranar da aka yi ta, sunan kowa na gaskiya da lambarsa, abin da ya yi, da kason da yake da shi cikin ɗari, kowa ya sa hannu. Idan ka biya mai kiɗa kuɗinsa gaba ɗaya kuma kun yarda ba shi da sauran kaso, to a rubuta hakan. Idan 'yar amshi ko wadda kuka yi waƙar tare an sallame ta, a rubuta. Na san za a ce wannan rashin yarda ne tsakanin 'yan'uwa. Waƙar da ba ta kawo komai ba ba a faɗa a kanta. Ranar da ta kawo kuɗi ne kowa zai tuna shi ya kawo amshin.

Kiɗan da aka saya a intanet kuma iri biyu ne: na haya, wanda ake sayar wa mutane da yawa a lokaci guda, da wanda aka sayar maka kai kaɗai. Na haya yana da iyakar yawan saurare, kuma sau da yawa wani ya riga ka yi masa rajista a YouTube, sai kuɗin tallar bidiyonka ya riƙa tafiya aljihunsa. Kiɗan fim ɗin Indiya da aka ɗauko aka ɗora wa Hausa, ko kari na wani tsohon makaɗi da aka ara ba izinin magadansa, su ma kamfani ba zai karɓa ba, domin shi za a kai kotu.

Ka karɓi waƙarka daga situdiyo tare da sassanta a rarrabe, murya daban, kowane kayan kiɗa daban, ka adana a wuri biyu. Kwamfutar situdiyo takan mutu, situdiyon ma yakan tashi.

Mataki na 3: Tsayar da suna

Bincika sunan a Google da YouTube da Spotify kafin ka ɗauka. Idan akwai mai shi, sauya tun yanzu da ba wanda ya san ka. Ka rubuta shi iri ɗaya a ko'ina. Idan hali ya samu, yi masa rajistar alamar kasuwanci da sunanka, ba da sunan manaja ko mai situdiyo ba. Dalilin zai fito a mataki na bakwai.

Mataki na 4: Saki waƙa da kanka

Ba ka buƙatar kamfani kafin waƙarka ta hau Spotify, Apple Music ko Boomplay. Dillalan intanet irin su DistroKid, TuneCore, CD Baby da ONErpm aikinsu ke nan. Wasu kuɗin shekara suke karɓa, wasu kaso suke cira daga abin da waƙar ta samu. Audiomack kuwa kai tsaye ake ɗorawa kyauta, kuma a Arewa yana da jama'a. Za a nemi waƙar a WAV da hoton bango mai kusurwa huɗu daidai, galibi 3000 sau 3000. Dillalin zai ba kowace waƙa lambar shaida da ake kira ISRC. Rubuta ta ka ajiye, domin da ita ake bin sawun kuɗin waƙar ko ka sauya dillali.

Hattara da mai cewa "kawo in ɗora maka a asusuna." Wannan taimakon ya raba mawaƙa da yawa da waƙoƙinsu. Wanda asusun yake hannunsa shi ake biya, shi ke ganin lissafi, kuma shi kaɗai ke iya sauke waƙar ko mayar da ita wani wuri. Idan dole sai wani ya taya ka saboda matsalar katin biyan dala, a buɗe asusun da imel ɗinka, lambar sirri tana hannunka. Haka tashar YouTube. Masu tashoshin da ke ɗora waƙoƙin mutane suna da amfani wajen yaɗawa, amma ka riga su ɗorawa a taka.

Ka ba dillali mako uku ko huɗu kafin ranar fita. Spotify, wanda ya shigo Najeriya a Fabrairu 2021, yana ba mawaƙi dama ya gabatar da waƙar da ba ta fita ba ga masu tsara jerin waƙoƙinsa, amma sai an yi hakan aƙalla kwana bakwai kafin ranar. Wanda ya gama waƙa da daddare ya sake ta da safe ya rufe wa kansa wannan ƙofa.

Ga mazauna Kano, akwai Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001, wadda ke yi wa mawaƙa rajista, kuma ta sha hana waƙoƙi. Ka san dokar jihar da kake aiki a ciki. Ka kuma shiga ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin amfani da waƙoƙinsu a gidajen rediyo da talabijin, irin MCSN.

Mataki na 5: Tara masu sauraro na gaskiya

Dubi yadda aka gano waɗanda aka gano. Rema ya ɗora ɗan bidiyo a Instagram a 2018 yana rera nasa baitin a kan kiɗan wata waƙar D'Prince, shi kuma ya gani ya kira shi Legas. Ayra Starr ta ɗora waƙar da ta rubuta a Disamba 2019, Don Jazzy ya gani ya neme ta. Shirin emPawa da Mr Eazi ya buɗe a 2018 ma ta gajerun bidiyo ya riƙa zaɓen mawaƙa, kuma ta nan Joeboy ya fito. Babu ɗayansu da ya yi zaman jira a ƙofar ofis.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Mdou Moctar, Buzun Nijar mai kaɗa jita. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da irin gyaran muryar da ake yi wa waƙoƙin fim na Hausa. Kundin bai shiga kanti ba, ta katin waya da bulutut ya yi ta yawo daga hannu zuwa hannu har ya ƙetara hamada. A haka wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin Sahel Sounds, ya ji shi ya bi sawunsa. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar masa da kundin Afrique Victime. Wannan kamfani na Sahel Sounds ya kuma taɓa fitar da kundin waƙoƙin finafinan Hausa a 2013. Shi ya sa nake jin haushi idan na ji yaro ya ce zai bar Hausa ya koma Turancin Legas don a ɗauke shi. A can layin ya fi tsawo, kuma waɗanda ke kai sun fi ka iya yaren. "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker da Hausa zalla ta cika wayoyi a 2020, lokacin da mata suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka ta.

To me za ka yi a aikace? Daga kowace waƙa ka ciro wurin da ya fi daɗi, daƙiƙa 15 zuwa 30, ka yi masa bidiyo iri-iri: kana rerawa ba kiɗa, kana situdiyo, kana tare da 'yan amshi. Ka riƙa sakin sabuwar waƙa a kai a kai, maimakon ka tara goma ka zubar rana ɗaya su danne juna. Kada ka raina hanyoyin gida: masu DJ na biki, masu tura waƙoƙi a waya a bakin kasuwa, direbobin A Daidaita Sahu da ke kunna sauti, shirye-shiryen waƙa na rediyo da na Arewa24. Ka hau dandamali duk inda aka ba ka makirufo, ko babu ko sisi, ka sa wani ya ɗauki jama'a suna amsa maka. Bidiyon mutum ɗari biyu suna rera amshinka ya fi kowace wasiƙa ƙarfi.

Gargaɗi biyu. Kada ka sayi mabiya ko saurare. Masu aikin kamfani sun san yadda ake ganewa: mabiya dubu ɗari, amma mutum biyar ne ke magana a ƙarƙashin bidiyo, ko waƙar Hausa da aka ce duk masu sauraronta suna wata ƙasar da ba Bahaushe. Spotify yana cire irin wannan saurare, yana cin tarar dillali, dillali kuma ya sauke waƙarka. Tun 2024 ma waƙar da ba ta kai saurare 1,000 a cikin wata goma sha biyu ba ba ta samun ko kwabo a can, don haka mutane na gaskiya masu dawowa su ne jarin.

Na biyu, waƙar siyasa. Ita ce ke kawo kuɗi da sauri a ƙasar nan, ban musa ba, wasu sun yi gidaje da motoci da ita. Amma wanda ya fara da ita tun ba a san shi da komai ba, an yi masa tambari, rabin jama'a sun juya masa baya, kamfani kuma zai yi ta ɗari-ɗari da shi. Ka san abin da kake zaɓa.

Mataki na 6: Tuntuɓar kamfani

Manyan kamfanoni galibi ba sa karɓar waƙar da aka turo haka kawai, saboda gudun a zo daga baya a ce sun saci kari. Ana isa gare su ne ta hannun mutanen da suka sani: mai buga kiɗa, manaja, lauya, ko mawaƙin da ke ciki. Ma'aikatan da ke farautar sababbin mawaƙa ana kiransu A&R, kuma yawancin farautar a waya suke yinta, suna duba abin da ke tashe. Saboda haka mu'amalarka da mutanen sana'a ta fi yawan saƙonninka amfani. Yi waƙa tare da sa'o'inka, cika alkawarin lokaci, biya mai kiɗa haƙƙinsa. Harkar ƙarama ce, labari yana zagawa.

Idan za ka rubuta, zaɓi kamfanin da ke yin irin waƙarka, ka san waɗanda ke ƙarƙashinsa. Saƙon ya zama gajere: sunanka, garinku, irin waƙar da kake yi, hanyar sauraren waƙa biyu ko uku da ka fi ji da su, alƙaluman gaskiya na masu sauraro da garuruwan da suke, bidiyon wasa ɗaya, lambar waya. Ban da labarin maraici da wahalar rayuwa, ban da "ni ne wanda Arewa ke jira." Idan shiru ya yi yawa, ka sake tuntuɓa sau ɗaya bayan 'yan makonni, sannan ka bari sai kana da sabon abin nunawa.

Duk wanda ya ce ka biya kuɗin fom, ko kuɗin rajista, ko kuɗin ganin oga kafin a ɗauke ka, ɗan damfara ne. Kamfani shi ke ba mawaƙi kuɗi. Akwai kuma masu buɗe shafin bogi da sunan manyan mawaƙa suna yi wa yara albishir. Ku kuma mata, duk ganawar aiki a ofis ko situdiyo ake yinta da rana, ki tafi da wani naki. Wanda ya ce sai a otal ke kaɗai, ba waƙarki yake so ba.

Mataki na 7: Karanta kwantiragi

Nan ne zan fi daɗewa, domin duk wahalar da ka sha a baya shafi goma na iya cinye ta.

Fara da kafin alƙalami. Kuɗin da ake ba mawaƙi ranar sa hannu ba kyauta ba ne, bashi ne da za a cire daga kasonsa. Ga misali na lissafi kawai. An ba ka naira miliyan 5, an kashe miliyan 3 a bidiyo, miliyan 2 a talla. Ana binka miliyan 10. Kasonka a kwantiragi 20 cikin 100 ne. Idan daga kasonka kaɗai ake cire bashin, kamar yadda aka saba, to sai waƙoƙinka sun kawo miliyan 50 kafin ka ga kwabo na gaba, kuma a lokacin duk miliyan 50 ɗin suna hannun kamfani. Motar da aka ba ka da gidan da aka kama maka haya, tambayi ko su ma suna cikin lissafi, yawanci suna ciki. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka ka nemi a rubuta irin kashe-kashen da za a ɗora maka, a sa musu iyaka, kuma babban kashewa sai da amincewarka. Ka kuma tabbatar an rubuta cewa idan waƙa ba ta kawo kuɗi ba, ba za a bi ka gida a ce ka biya daga aljihunka ba.

Sai wa'adi. Takarda za ta ce shekara biyu, ka yi murna. Can ƙasa kuma ta ce kamfani na da damar sabuntawa sau uku. Wannan shekara takwas ke nan, kuma zaɓin nasu ne, ba naka ba. Wata takardar ba ta ƙirga shekaru, kundi take ƙirgawa, alhali kamfanin ne ke yanke ranar da kundi zai fita. Nemi sharaɗin cewa idan ba su saki aikinka ba cikin wani lokaci da aka ambata, kana da ikon tafiya. Shi kansa jiran ba laifi ba ne idan horo ake yi: Ayra Starr ta shafe kimanin shekara guda a hannun Mavin kafin ƙaramin kundinta na farko ya fita a Janairu 2021. Abin gudu shi ne a ajiye ka ba horo ba fita.

Sai mallakar masta. Yawancin kamfanoni za su ce tasu ce har abada. Taylor Swift, duk da girmanta, an sayar da masta na kundinta shida na farko a 2019 ba da son ranta ba. Sai da ta sake rera huɗu daga ciki, kuma ba ta mallake su ba sai a 2025 da ta saya da kuɗinta. Kai da ba ka da irin kuɗinta, ka nema tun farko a rubuta cewa masta za ta dawo hannunka bayan wasu shekaru, ko bayan kamfani ya mayar da kuɗinsa. Waƙoƙin da ka yi kafin ka zo kuma, kada su shiga cikin cinikin sai da farashinsu daban. Haƙƙin ƙirƙira ma ciniki ne daban, kada a cusa shi cikin layi ɗaya a wuce. Doka ta ce miƙa haƙƙin mallaka ba ya tabbata sai a rubuce, wannan kariya ce gare ka, amma tana nufin abin da ka sa wa hannu ya zauna.

Sai suna. Kiss Daniel ya rabu da kamfanin G-Worldwide a 2017, rigima ta kai kotu, a 2018 ya koma rubuta sunansa Kizz Daniel. Ka duba ko takardar ta ba kamfani sunanka da shafukanka. Idan ta ba su, a goge.

Akwai kwantiragin da ake kira 360, inda kamfani ke da kaso a komai: wasanni, tallan kamfanoni, fim, har kayan da aka buga sunanka a jiki. Ga mawaƙin Hausa wannan babbar magana ce, domin abincinsa ya fi fitowa daga biki da taro da liƙi da waƙar da wani ya sa a yi masa, ba daga Spotify ba. Idan za su ci daga nan, to a rubuta abin da za su yi don su kawo wasannin, kuma kason ya yi ƙasa da na faifai.

Na ƙarshe, lissafi. A rubuta sau nawa a shekara za a ba ka bayanin shige da fice, da ikonka na kawo akanta ya duba littafinsu. Lauyan da zai karanta maka kuma ya zama naka, kai ka biya shi. Lauyan kamfani kamfani yake wa aiki, manajan da kamfani ya ba ka ma haka.

Mataki na 8: Auna ko kana ma buƙatarsa

Idan ka yi matakai biyar na farko da kyau, za ka iya tarar da cewa abin da ya rage maka kaɗan ne: kuɗin bidiyo, ko hanyar shiga kasuwar Kudu da ƙetare. Akwai yarjejeniyar rarrabawa kawai, inda masta ke hannunka kamfani ya ɗauki ƙaramin kaso. Akwai ta ba da haya, inda za su riƙe kundi ɗaya na wasu shekaru su dawo maka da shi. Su kansu kamfanonin gida haka suke yi da na waje: Chocolate City ya ƙulla da Warner a 2019, YBNL da Empire a 2020, Universal kuma ya sayi kaso mafi rinjaye na Mavin a 2024. Yawancin manyan mawaƙan Hausa da kake ji a yau da situdiyonsu da tasharsu ta YouTube suke tafiya.

Idan kuwa takardar ta zo kuma ka ga da amfani, ka yi godiya, ka nemi kwafi, ka ce a ba ka mako biyu kai da lauyanka. Kafin nan ka nemi mawaƙi ɗaya da ya taɓa zama a kamfanin ya fita, ka ji ta bakinsa. Kamfanin da ya ce sai dai ka sa hannu yau, ko ya hana ka fita da takardar daga ofis, ka bar masa abarsa.